Haƙorin Makkan Hajiya Altine

A Dugabau idan ka ce Hajiya, ba ka ƙara komai ba, to Hajiya Altine mai fura kake nufi. Akwai wasu hajiyoyin a garin, amma su sai an haɗa da sunan miji ko na unguwa kafin a gane. Ita ce macen da ta fara zuwa Makka a garin, kuma ba wani ne ya biya mata ba.

Iyayenta makiyaya ne da suka gaji da yawo. Mahaifinta ya sami fili a gefen gari ya kafa bukka, sannu a hankali bukka ta koma ɗakin ƙasa, makiyayi ya koma manomi. Altine ta tashi da ƙwarya a ka, tana kai fura da nono Kabo da Gwarzo ranakun kasuwa. Ta auri Malam Datti, mutum mai ƙarancin magana, wanda maƙwabta ke cewa ba laifinsa ba ne, kafin ya buɗe baki matarsa ta riga ta yi maganar gidan duka. Ta haifi 'ya'ya, ta binne wasu, ta raini wasu. Da mahaifinta ya rasu aka raba gado, shanun da suka faɗo mata ba su daɗe a hannunta ba. Ta sayar da su, ta bi yayanta suka je suka sauke farali. Ana gab da shiga zamanin tsuke bakin aljihu ke nan, lokacin da kujerar Makka ba ta fi ƙarfin mai fura ba. Bayan dawowarta da kaɗan komai ya yi tashin da bai sake saukowa ba. Takan ce da ta ƙara jinkiri, da sai dai ta ga Ka'aba a jikin kalanda.

Tsarabar da ta zo da ita ba ta yi ƙarko ba. Zamzam aka shanye, dabino yara suka cinye, darduma ta suɗe, butar ƙarfe ta huje. Abu ɗaya ne ya zauna, shi ne haƙorin zinaren da wani mai shago ya sa mata a can, a sama, ɓangaren hagu, kusa da fiƙa. Tun daga ranar dariyarta ta sauya. Leɓen hagu ya koyi ɗagawa fiye da na dama. Kullum da safe in ta gama asuwaki sai ta kama bakin zanenta ta goge haƙorin, kamar mai goge madubi. Ranar da ta dawo, Malam Datti ya dube ta ya ce, "Ya yi kyau." Har ya koma ga Allah bai ƙara komai a kai ba, ita kuwa har yau tana ba da labarin kamar waƙa ya rera mata.

Cikin jikokinta akwai Uwaisu, ɗan babban ɗanta. Tun yana rarrafe take kiransa maigida, kamar yadda kakanni ke yi wa jikoki maza, shi kuma da bakinsa ya buɗe ya sa mata amarya. Yaron yana da kai, har ya sami shiga wata jami'a mai nisa, inda ake koyon aikin likitan haƙori. Mutanen gari sun san likita. Abin da ba su gane ba shi ne likitan da ba ya wuce baki.

"Shekara shida a kan baki kaɗai?" in ji Hajiya. "Ni da na tsufa ina aiki da nawa, ba wanda ya ba ni takarda."

Hutun farko ya dawo kamar yadda ya tafi. Daga hutu na uku ne aka ga sauyi. Uwaisu ya daina kallon mutane a ido. In ya durƙusa gaida dattijo, dattijo na tambayarsa karatu, shi kuwa idonsa na cikin bakin dattijon. Ya hana yara alawa. Ya yi wa masu cin goro wa'azi har suka koma ɓoye ɓarin goro a kunci in sun hango shi. Ya zo da buroshi cikin leda ya raba wa matan gidan, aka yi godiya, washegari ya tarar ana wanke takalman roba da su. In aka yi masa gardama sai ya zuba Turanci, in Turancin ya ƙare ya ce haka yake a littafi.

Wata rana yana ba su labarin yadda suke koyon aiki. Ya ce akwai kan roba mai buɗaɗɗen baki, an jera masa haƙora, kowane ɗalibi da nasa, a kansa suke gwada huda da ciko.

"Wato marar lafiyar naku ba ya ihu?" Hajiya ta tambaya.

"Ba ya yi."

"Ba ya cizo?"

"Haba amarya, roba ce fa."

"To ai ba ka fara karatu ba tukuna."

Amma duk cikin abubuwan da Uwaisu ya ɗaura wa yaƙi, babu kamar haƙorin Makka. Ya ce masu sa shi sai sun kankare lafiyayyen haƙori kafin su kifa masa hular ƙarfe, hular kuma ba ta zama daidai, abinci ya riƙa shiga ta ƙasa, haƙori ya ruɓe mutum bai sani ba. Ya faɗa a tsakar gida, ya faɗa a majalisar ƙofar masallaci inda alhazai ke zama, har wasu suka koma yin dariya da baki a rufe.

"Ranar da na karɓi takardata," yakan ce wa kakarsa, "da naki zan buɗe aiki."

"Ranar kuwa za ka ba ni takardar sakina," in ji ta, "don ba zan zauna da ɓarawo ba."

Kowa ya yi dariya, ita ma ta yi. Amma ta ajiye maganar a ranta.

Ciwon ya zo mata ne a shekarar da malaman jami'a suka tafi dogon yajin aiki, Uwaisu na zaune a gida. Ya fara kamar tsami-tsami in ta sha ruwan randa. Daga nan ya zama zugi, daga leɓe har kunne, duk ɓangaren hagu. Hajiya ba ta buƙaci a gaya mata ba. Yaron ya faɗa, ga shi ya tabbata. Ta san kuma in ya ji, ba sai ya jira takarda ba.

Sai ta shiga ɓoyo. Ta tauna kanumfari, ta kuskure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, ta shafa man zafi a kunci har ido na hawaye. Goro ta ce ta bari saboda tsada. Nama ta ce shekaru sun hana. Da kunci ya fara tasawa sai ta ja mayafi ta naɗe har kan hanci. A lokacin Shari'a ta yi ƙarfi a jiha, 'yan hisba na zaga ƙauyuka suna yi wa mata wa'azin sutura, saboda haka ta sami inda za ta laɓe. Ƙawarta Asibi, wadda suke jera ƙwarya tare a kasuwa, ta dube ta sama da ƙasa.

"Hajiya, wa'azin ne ya kama ki haka? 'Yan mata ake nufi fa. Ke wa zai kalla?"

"Tsoron Allah ba shi da shekaru," Hajiya ta amsa daga cikin mayafi, a gajarce.

Gajartar ce ta tona ta. Matar da ke cinikin fura da labari, in ka sayi ludayi biyu ta ba ka tarihin kakanka kyauta, ta koma miƙa ƙwarya da hannu tana nuni da kai. Gidan ya yi tsit har kaji suka ji daɗi. Wata la'asar ta zauna alwala, ta sauke mayafi don wanke fuska, Uwaisu ya fito daga zaure ya ga kuncin kamar ta ɓoye ƙwai.

Bai ce sannu ba. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Ai na faɗa!" Yana tsaye daga nesa, hannu a ƙugu, fuskarsa kamar wanda aka ce ya ci jarrabawa. "Shi ne. Haƙorin Makka ne. Ya ruɓe ta ƙasa. Dole a cire."

"Ba inda za shi."

"Amarya, aikin hajjinki ba a baki yake ba. Yana wurin Allah."

"Kai za ka koya mini? Lada yana wurin Allah, na sani. Shi kuma wannan yana wurina." Ta ɗora tafin hannu a kunci. "Shanun babana ne a bakin nan, maigida. Su suka kai ni, ba su dawo ba. In ka cire, me ya rage da zan taɓa in tuna na je? Komawa kuwa, a wannan zamani, ko gonar gidan nan aka sayar ba za ta kai ni Jidda ba."

Uwaisu ya buɗe baki zai kawo littafi, sai ya ga idonta, ya fasa. Amma ra'ayinsa bai sauya ba, ita ma nata bai sauya ba. Ɗanta ya roƙe ta, surukarta Ikilima ta roƙe ta, ta ce duk ta ji. Abin da ya karya ta sujada ce. In ta kai goshi ƙasa sai ta ji kamar ana daka a cikin kanta, har ta fara gaggawar ɗagowa. Ranar da ta kama kanta tana satar salla, ta sallame ta kira Uwaisu.

"Abin da aka samo a ɗakin Allah ba zai hana ni gaida mai ɗakin ba. Je ka aro babur ɗin babanka."

Akwai wani asibiti a Gwarzo inda wata likitar haƙori, Dokta Badi'a, take zuwa daga Kano wasu ranaku. Tun da aka fara yajin aiki Uwaisu ke zuwa yana tsaya mata, yana miƙa kayan aiki yana kallo. Can suka nufa da hantsi, dawa ta yi kai a gonaki hagu da dama. A bakin gari wasu samarin hisba suka ɗaga hannu, don a lokacin an hana 'yan acaɓa ɗaukar mata.

"Malam, haya ce ko ta gida?"

Kafin Uwaisu ya amsa, murya ta fito daga mayafi. "Maigidana ne. Ku da kuke gyaran al'umma, ku tambaye shi dalilin da ya sa har yau bai saya mini mota ba."

Samarin suka ƙyalƙyale da dariya, suka ce Allah ya ba Hajiya lafiya, Allah ya shiryi maigida.

Suna shiga gari ta daki bayansa ta ce ya tsaya wurin mai hoto. Ta shiga, ta gyara ɗaurin kallabi, ta zauna gaban labule mai zanen furanni, ta yaye mayafi, ta ɗage leɓe. Mai hoto ya leƙo daga bayan na'urarsa.

"Hajiya, a ɗan rufe baki, a saki fuska."

"Ba fuska na kawo ba. Matso ka ɗauki wannan."

Haka aka ɗauke ta, kunci a kumbure, haƙori a waje, kamar mai shirin cizon wani.

A asibiti babu wuta. Kujerar da ya kamata ta kwanta da kanta sai da aka danna ta da hannu. Dokta Badi'a mace ce siririya mai sanyin murya, ta gaida Hajiya har da ɗan rusunawa, ta tambayi gida da damina da jikoki. Sannan ta juya ga Uwaisu ta ce ya yi bayani. Ya gyara farar rigarsa ya zuba Turanci tiryan-tiryan, yana nuna bakin kakarsa da biro. Hajiya ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta gane ana karanta wa haƙorinta hukunci.

Da ya gama, Dokta ta amsa masa da Hausa.

"Ka duba?"

"Ai a bayyane yake, Dokta."

"Ka sa madubi ka leƙa? Ka ƙwanƙwasa?"

Uwaisu ya dubi biron hannunsa.

"Sa safar hannu. Ni zan riƙe maka tocila."

Ya sunkuya a kan kakarsa, karo na farko tun da ciwon ya fara. Ya juya gindin ƙaramin madubin ƙarfe ya ƙwanƙwasa haƙorin Makka. Hajiya ta runtse ido tana jiran azaba. Ba ta ji komai ba. Ya sake, da ɗan ƙarfi. Shiru. Ya ƙara na uku.

Ta ture hannunsa. "Sallama kake yi? Ba kowa a ciki."

"Ci gaba," in ji Dokta. "Bi su ɗaya bayan ɗaya."

Ya taɓa na kusa da shi, lafiya. Na gaba, lafiya. Da ƙarfen ya sauka a kan babban haƙorin tauna na can ciki, Hajiya ta yi wani salati da har masu jira a waje suka amsa, hannunta kuma ya damƙi wuyan farar rigar. Uwaisu ya karkata madubi, hasken tocila ya shiga. Ga kogo nan a bayan haƙorin, baƙi ƙirin, ƙwayar dawa za ta shige ta ɓuya.

"Hajiya, tun yaushe yake damunki?" Dokta ta tambaya.

"Tun kafin a yi shuka."

"Ga shi har dawa ta yi kai. Me ya hana ki zuwa? Da kin zo da wuri ciko kawai za a yi, ki tafi da abinki."

Hajiya ta nuna Uwaisu da haɓa.

Dokta ta duba haƙorin Makka da kanta, ta bi gefensa da tsinken ƙarfe, ta danna dasashin. Ta ce yana buƙatar wanki, kuma a riƙa kawo shi ana gani, amma ba ta ga dalilin taɓa shi ba. Sannan ta dubi ɗalibin, ba tare da ɗaga murya ba.

"Abin da ka karanta gaskiya ne. Da yawa suna ruɓewa ta ƙasa, na cire su ba adadi. Amma wadda ke kan kujerar nan ba da yawa ba ce, mutum ɗaya ce. Kuma ka ga, tsoron bakinka ya sa ta zauna da ciwo damina guda. Haƙorin da ya kamata mu cece shi, yanzu sai dai mu cire."

Hajiya ta buɗe ido sosai. "Dakata, 'yar nan. Wanne za a cire?"

"Na can ciki, Hajiya."

"Na Makka fa?"

"Da shi za ki koma gida."

Tsohuwa ta yi hamdala har sau ba adadi. Ta ce na cikin a cire shi da 'yan'uwansa in ana so, ba ta taɓa ganin fuskarsa ba balle ta yi kewarsa. Dokta ta yi mata allurar kashe zafi, ta ɗauko filayar cire haƙori. Sai Hajiya ta ɗaga hannu.

"Ba shi. Shi ya jawo, shi zai cire."

Dokta ta yi ɗan nazari, ta miƙa masa, ta matso ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi. Uwaisu, wanda ya cika Dugabau da labarin aiki, bai taɓa cire haƙorin mai rai ba. Filaya ta fara rawa a hannunsa har tana buga haƙoran gaba. Zufa ta tsattsafo masa a goshi. Hajiya ta dube shi daga ƙasa, ta ga ba likita ba ne a kanta, yaron nan ne da ta sha goyawa. Ta miƙa hannu ta dafa gwiwar hannunsa, ta riƙe kamar yadda take riƙe ɗan maraƙi in ya firgita, har rawar ta tsaya. Dokta ta ɗora hannunta a kan nasa tana cewa a hankali, girgiza, kada ka fizga. Can sai haƙori ya saki.

Aka cusa mata auduga, aka ce ta cije, kada ta yi magana sai jini ya tsaya. Uwaisu ya share goshi, ransa ya dawo.

"Dokta, don Allah a ce mata sai gobe."

Hajiya ta harare shi, ta ɗage leɓen hagu, zinare ya yi walƙiya a hasken tocila.

Kunci na saɓewa magana ta dawo, har da bashin wadda ba a yi ba. Mayafi ya koma kafaɗa, Asibi ta ce ashe tsoron Allah ɗin na damina ne. Duk wanda ya sayi fura sai ya ji labarin, kuma kullum rawar hannun Uwaisu ƙaruwa take yi, har ta kai ga wai sai da aka ba shi ruwa ya sha.

Wata safiya Hajiya ta leƙa ɗakinsa ta ce ya fito zaure da ɗan madubinsa, yana da baƙo. Alhaji Mijinyawa ne, dillalin shanu, dattijo mai haƙorin Makka shi ma, wanda tun da Uwaisu ya fara wa'azinsa yake sauya hanya in ya hango shi. Yana zaune a kan tabarma, ya ja rawani ya rufe rabin fuska.

"Na gaya masa ba ka taɓa na Makka," in ji Hajiya. "Ni na tsaya maka."

Uwaisu ya ga kumburin, bakinsa ya fara, "Ai irin wannan..." Hajiya ta yi gyaran murya. Ya haɗiye sauran, ya durƙusa ya gaida dattijon yadda ya kamata, ya tambayi iyali da kasuwa.

"Baba Alhaji, tun yaushe yake damunka? Nuna mini daidai wurin."

Ya wanke hannu, ya fara daga can ciki, yana bi ɗaya bayan ɗaya. Duk lafiya. Da ya iso kan na zinaren ya taɓa shi kaɗan, Alhaji ya zabura har rawani ya warware. Uwaisu ya ɗago ya dubi kakarsa.

"To, maigida, yau ka yi daidai," in ji ta. "Amma in na ga haƙoranka a waje, da ludayi zan mai da su."

Bai yi dariya ba. Ya taya dattijon tattara rawaninsa.

"Baba, ni ɗalibi ne, ba ni ke yanke hukunci ba. Mu je Gwarzo Dokta ta gani. In akwai dabarar da za a bar maka shi, za ta yi."

Alhaji ya dubi Hajiya.

"Tashi ku tafi," in ji ta. "Amma ku biya ta wurin mai hoto tukuna."